Shin Ko Kun San? Yashin Rafi da Bakin Ruwa

Shin ko kun san cewa, in aka ɗauke ruwa, babu abin da ɗan Adam yake kwasa daga doron ƙasa kamar yashi da tsakuwa? Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa tan biliyan 50 ake kwashewa duk shekara. Rairayin hamada kuwa, duk yawansa, ba ya aikin gini: iska ta goge ƙwayoyinsa sun yi sumul, siminti ba ya kama su da kyau. Shi ya sa idon kowa yake kan yashin kogi da na bakin teku, tun daga masu gina dogayen benaye a Dubai har mai buga bulo a Hunkuyi.

Ko kun san yashin da ke kwance a cikin rafi rumbun ruwa ne? Kusan kashi ɗaya cikin uku na tulin yashi sarari ne tsakanin ƙwayoyi, nan ruwan damina yake maƙalewa, rana ba ta iya shanye shi kamar yadda take shanye na kududdufi. Mutanen Kudan da Makarfi da Ikara a jihar Kaduna ba sai an karanta musu wannan a littafi ba. A tsakiyar bazara, rafi ya bushe ƙurmus, sai ka ga yaro ya durƙusa ya tona da hannu kamu ɗaya ko biyu, ya ɗan jira, ruwa ya tsattsafo, ya bari ya kwanta, ya sa ƙoƙo ya ɗiba. Bafulatani ma haka yake yi wa shanunsa. Wannan ruwan ne yake riƙe da damshin fadamun da ake noman rake da tumatir da albasa, shi ne kuma injin ban ruwa yake zuƙowa ta bututun da aka kafa a gaɓa.

To, idan tifa ta shiga fa? 'Yan lodi su sa shebur, kafin azahar an yi sawu da yawa. Cikin rafin ya ƙara zurfi, ruwan ƙasa ya bi shi ya sauka, rijiyar fadama ta fara ƙafewa tun rake bai nuna ba. Damina na zuwa, ruwa ya sami rami ya ƙara gudu, ya ci gindin gaɓa, gonar da ke sama ta rufto. Abin takaicin shi ne, wanda ya sayar da yashin gefen gonarsa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, amma zaizayar ba ta san iyakar gona ba, maƙwabcin da bai ci ko sisi ba shi ma sai ta ci tasa. Ban ga laifin ɗan lodi ba, abincinsa yake nema, kuma dukanmu gidan bulo muke so. Tambayar ita ce a ina za a ɗiba, nawa za a ɗiba, wa kuma zai ce ya isa.

Shin ko kun san an taɓa sayar da tudu sukutum a Amurka? A bakin Tabkin Mishigan, jihar Indiyana, akwai wani tulin rairayi mai suna Hoosier Slide, tsayinsa kusan mita 60. Kamfanonin yin kwalba suka yi ta lodinsa a jirgin ƙasa, zuwa shekarun 1920 babu shi babu alamarsa. Sai a 1966 majalisar ƙasar ta killace ragowar tuddan wurin, a 2019 kuma aka mai da su cikakken gandun ƙasa.

A Legas ma an gani. Bar Beach, inda talaka yake zuwa shan iska ranar hutu, ya fara zaizayewa ne bayan Turawa sun gina katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, katangun suka tare yashin da igiyar ruwa take kawowa. Yau an cike wurin, unguwar masu hannu da shuni ta Eko Atlantic ce a kai. A Afrilun 2024 kuma aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark da ke bakin teku don a fitar da titin Legas zuwa Kalaba.

Ko kun san yashin rafinku, a idon doka, ma'adini ne? Tsarin mulkin 1999 ya damƙa ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, dokar haƙar ma'adinai ta 2007 kuma ta sa ɗibar yashi don kasuwanci cikin abin da sai da lasisi. Ita kuwa ƙasar da ke gefen rafin, dokar mallakar filaye ta 1978 ta sa ta a hannun gwamna. Yashi na Abuja, gaɓa ta Kaduna, rafi na mutanen gari. Tsakanin ukun nan tifa take wucewa. Akwai kuma dokar hanyoyin ruwa ta 1997 da ta keɓe mita 100 daga gaɓar manyan koguna irin Neja da Binuwai. Faransa ma mita 100 ta hana gini a bakin tekunta, a wuraren da gari bai kai ba, tun 1986.

Ba Turawa suka fara wannan tunani ba. Hadisi ya nuna mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Manzon Allah (SAW) ya killace Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya killace Rabaza. Malaman fiƙihu sun ba rijiya da kogi haraba da ba a yarda wani ya mallake ta ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Hurumi da burtali da mashaya da kakanninmu suka bari duk irin wannan tunanin ne. Yau sau nawa ake wayar gari a ga an shuka masara a burtali, ko an kafa tubalin fuloti a hanyar mashaya, sannan a yi mamakin rigimar manomi da makiyayi?

Shin ko kun san a Kenya tara yashi ake yi da gangan? A yankunan Kitui da Machakos da Makueni, mutanen ƙauye sukan gina gajeriyar katangar siminti a tsakiyar rafi, damina ta cika bayanta da yashi, su yi ta ɗibar ruwa daga ciki har rani ya fita. A 2015 gundumar Makueni ta kafa dokar yashi da hukumar da ke ba da izinin ɗiba, ta kuma hana fitar da shi zuwa wajen gundumar.