Rabon Kwana a Bakin Gari

Duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san ba ƙauna ce ke riƙe da gidan ba, rabon kwana ne. Mai girki ita ke da murhu, ita ke da tsakar gida. Wadda ta fita girki sai ta saki labulenta. Ba dole su so juna ba, muddin kowace ta san ranarta.

Haka nake kallon zamanmu da namun dawa a gefen Gummi, da ma Anka da Bukkuyum, inda sababbin unguwanni ke cin gonaki, gonaki na cin daji. Uwargida a wannan gida ita ce dawa: damo da guza, bushiya da kurege, zomo, tunku, yanyawa, da macizan fadamar gulbin Zamfara. A nan muka tarar da su. Mu ne amarya, mun tare da tarin kaya da hayaniya, ga bulo, ga kwano, ga injin niƙa, ga babur, ga fitilar sola, kuma ko kayan faɗan kishiya ba mu ba ta ba. Duk da haka ba ta yi yaji ba. Ta dai bar mana rana, ta riƙe dare.

Masana ma sun auna abin. A 2018 Kaitlyn Gaynor ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta sun haɗa bincike 76 a kan irin dabbobi masu shayarwa 62 a nahiyoyi shida, suka buga a mujallar Science. Sun gano cewa dabbar da ke raba harkarta daidai tsakanin dare da rana a dokar daji, idan mutane suka matso ta, kusan kashi 68 cikin ɗari na kai-komonta kan koma dare. Ba sai an harbe ta ba. Sawun ɗan Adam kaɗai ya isa.

Mai son ganin haka da idonsa ya fita bayan sallar asuba, kafin shanu su tattake yashin bakin gulbi. Na taɓa tsayawa kusa da wani tsohon maharbi yana karanta wa jikansa ƙasa. Ya nuna masa ƙananan sawu huɗu-huɗu da suka miƙe daga gindin wata sabara har bayan katangar gidan ƙarshe, suka yi ɗan zagaye daidai inda akurkin kaji yake, suka juya. Can gaba kuma wani layi ne mai lanƙwasa a kan laka, da zanen farata hagu da dama: guza ya ja wutsiyarsa ya shige ruwa. Yaron ya zaro waya ya ce, "Kaka, ina zan same shi in ɗauke shi hoto?" Tsoho ya dubi ƙafarsa ya ce, "Kai ja'iri, da wannan silifas naka mai fas-fas? Gobe ka riga shi zuwa. Ka zauna inda iska ke bugo maka fuska, ko ƙuda ya sauka maka a hanci kada ka ɗaga hannu. Hantsi na dubawa zai fito shan rana."

Darasin ɗaukar hoton ke nan kusan gaba ɗayansa. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓe da baƙin zane, su riƙa rarrafe suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har su isa inda kibiya za ta kai. Irin wannan haƙuri mai kyamara yake bukata. Sauran ƙananan dabaru ne: ka sa rana a bayanka, ka durƙusa har idon waya ya zo daidai da idon dabbar, kada ka yi ta jawo hoton da yatsa har ya dushe. Lokacinka kuwa shi ne sa'ar miƙa girki, wato daga asuba zuwa hantsi, da kuma la'asar sakaliya zuwa almuru, inda ɗaya ba ta gama shiga ɗaki ba, ɗaya ba ta gama fitowa ba.

Akwai kuma satar kwana, kuma mu muka fi yin ta. Matashi ya dallara wa mujiya tocila a ido don hoto ya fito, ko ya tono bushiya daga maɓoyarta da rana ya ajiye ta a kan tabarma. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne mai zuba ƙashi da hanjin kaza don ya jawo tunku ko yanyawa gaban kyamara. Shi ya sami hotonsa ya tafi. Dabbar kuwa ta koyi cewa akwai abinci a wurin mutane, jibi sai akurkin maƙwabci, gata sai tarko. In kuma ita ce ta shigo cikin ranarmu, ka ga dila ko yanyawa da tsakar rana tana tangaɗi ba ta gudun kowa, wannan ba abin hoto ba ne. Yana iya zama ciwon haukan kare; a janye yara, a ba ta hanya.

Wani lokaci ruwa ne ke rushe rabon. Ambaliyar watan Agusta na 2024 ta cinye gidaje da yawa a Gummi, kuma duk inda ruwa ya cika ramuka, tudun da mutum ya gudu ya hau shi kububuwa da kumurci suke nema. A irin wannan dare tocila da takalmi rufaffe sun fi kowace kyamara amfani.

Abin da ke damuna shi ne irin hotunan namun dawanmu da suka yi suna: ko a ɗaure, ko a mace. Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya bi gardawa masu wasa da kura a gefen Abuja a 2005, ya sake dawowa a 2007, hotunansa suka zagaya duniya. Suna da kyau, ba musu, amma kura ce da takunkumi da sarƙa, da gwaggon biri a cikin riga. A 2024 kuma wayoyi sun cika da hotunan dorinar da aka kashe a Yawuri bayan ta halaka mutum, jama'a sun yi mata zobe ana shirin rabon nama. Ban ga laifin mutanen Yawuri ba, wanda dorina ta kifar masa da kwalekwale ba zai saurari wa'azi ba. Sai dai duk wanda ya san gidan ta waɗannan hotuna kaɗai zai ɗauka kullum cikin dambe ake, alhali mafi yawan kwanaki lafiya lau ake wayewa.

Ga misali a Kure ta Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai: raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake, babu shinge. A 1996 saura 49 suka rage. Daga baya sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas zuwa Gadabeji a jihar Maradi. Manoma na ƙorafi, don suna cinye musu wake da mangwaro. Abin da ya sa aka jure shi ne an hana farautarsu, kuma 'yan ƙauyukan ne ke yi wa baƙi masu kyamara jagora suna samun na cefane. Harin 9 ga Agusta 2020, da ya kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, ya tsinke ƙafar baƙin.

A nan ne kwatancen nawa yake gurguncewa. Uwargida ta gaske in an cuce ta tana da iyaye, tana da waliyyi, tana da alƙali. Damo ba shi da inda zai kai ƙara idan aka yanka fuloti a kan raminsa. Dubi ungulu. Da can ba a raba ta da rufin mahauta, har ta zama abin zagi. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin kanta da sassanta don tsibbu. Ka tambayi mahauta yaushe rabonsu da ita, sannan ka nemi wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto lokacin tana ko'ina.

Shi ya sa nake cewa a fara da shamuwa, wadda aka ba damina sukutum a matsayin girkinta. Tana isowa gab da faɗuwar ruwa, ta jera ƙirare a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta yi ta cin fara da tsutsa, da kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Daga nesa baƙa ce kawai. Matsa kusa ka ga bayanta na walƙiyar kore da shunayya, ciki fari sol, fatar fuska shuɗiya da ɗan ja a gaban ido. Ba ta gudu, ba mai jifanta. Waya na rubuta ranar da aka ɗauki kowane hoto. In ɗaliban makaranta guda za su riƙa ajiye hoton shamuwar farko duk shekara, manoma za su sami abin gwadawa da ranar shuka.

Na dare kuwa akwai kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace, ta ɗauka da kanta in ta ji motsi da ɗumin jiki. Dajin Kuyambana, da aka keɓe don namun dawa a ƙaramar hukumar Maru, ba ya shiguwa yanzu saboda 'yan bindiga, don haka bakin gari ne ya rage wa mai sha'awa. Amma kafin ka ɗaura akwatin da ke kallon hanya cikin dare, ka je ka gaida mai unguwa, ka nuna wa 'yan sa-kai abin da yake ɗauka. A Zamfarar yau, kafin ka gama bayanin cewa yanyawa kake dako, an riga an kira ka infoma.