Hancin Mota: Kafin a Canza, a Auna

A zamanin Peugeot 404, makanisen Damagaram da kunne yake gane ciwon mota. Motocin yau ba su da karburato, ƙwaƙwalwar lantarki ce ke raba isanshi. Ita kuwa ta dogara ga wata ƴar na'ura da ke jikin bututun hayaƙi, wadda masu gyara ke kira sondi lamda. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1976.

Aikinta shinshina oksijin da ya saura cikin hayaƙi, domin awo ya daidaita: iska kashi 14,7, isanshi kashi 1, bisa nauyi. In ta gaji, sai shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya yi baƙi, fitilar injin ta kama.

Amma kada a yi garajen sayen sabuwa. A bari injin ya yi zafi, sa'an nan a auna: lafiyayya tana kai da komowa tsakanin volt 0,1 da 0,9. A duba waya, da ɓulin bututu, da matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Sau da yawa na'urar gaskiya ta faɗa, ciwon yana wani wuri.