Ina Kwalin Yake Kai Mai Shi?

Yau za mu fita daga birni, mu bi hanyar Katsina da ta Daura, mu shiga karkarar arewacin Kano: Dawakin Tofa, Bichi, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa, Dambatta, har mu zagayo ta Minjibir. Maganar da za mu tattauna ta shafi kowane gida da ya taɓa sayar da akuya ko buhun gero don biyan kuɗin rajistar yaro. Idan ya gama jami'a ko kwaleji, ya karɓo kwalinsa, ya iya wani aiki kuwa? In bai iya ba, daga ina matsalar take?

(KIƊA)

Sai mun fara da ƙasar tukuna, don ita ce tushen zancen. Duk wanda ya bi waɗannan hanyoyi da damina ya san babu daji a wannan yanki. Gona ce jingine da gona, iyakarsu 'yar gamba, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaye a tsakiya. Ba a barin gona ta huta, domin babu wata da za a koma.

Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Amsar tana hannun manoman: a ɗaure awaki da tumaki da damina, a ciyar da su harawa, a tara takinsu, a ɗebo sharar birni a kan jakuna, a surka gero da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Ilimi ne mai zurfi, kuma yaro yana ɗaukarsa ne a bayan mahaifinsa, da fartanya a hannu.

Sai dai akwai abin da taki ba ya magancewa, wato gado. Magidanci ya rasu ya bar gona biyu da 'ya'ya goma, kowa ya tashi da abin da bai wuce abincin wata uku ba. Shi ya sa tun kaka da kakanni mutumin wannan yanki bai taɓa dogara da noma kaɗai ba. Ana ɗauke amfani, wani ya hau saƙa, wani ƙira, wani dukanci, wani fatauci, wani ya tafi cin rani. Malamin allo ma yana da ɗinkin hularsa. Da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a 1976, iyaye da yawa sun karɓi boko ne a matsayin wata sabuwar sana'a, wadda za ta ɗauke wa gona nauyin wasu daga cikin 'ya'ya.

Kuma a wancan zamani ta biya. Wanda ya gama jami'a a shekarun 1970, aiki ne ke jiransa, wani lokaci har da gida da rancen mota. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna ta hayaƙi. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin tsuke bakin aljihu, aka fara rufe su ɗaya bayan ɗaya, gwamnati kuma ta rage ɗaukar ma'aikata. Makarantu kuwa sai ƙaruwa: Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta Wudil ta zo a 2001, Northwest a 2012, ga masu zaman kansu. Kujerun ofis ba su ƙaru daidai da haka ba.

To, yau ga abin da muke gani. Saurayi ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ƙauye. Ya kai takardu nan, ya kai can, ko'ina tambayar ɗaya ce: wa ka sani? Ƙarshe ya kafa tebur na POS a bakin tasha, ko ya karɓi Adaidaita Sahu, ko ya shiga koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da sau da yawa bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Babu abin kunya a ko ɗaya daga cikin waɗannan, neman halali ne. Amma ba su buƙaci shekara huɗu a jami'a ba, balle ƙarin wata takwas na yajin aikin malamai irin na 2022.

(KIƊA)

Masu sauraro, kada mu yi wa boko kuɗin goro. A wannan yankin ne aka buɗe Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa a 1977, tare da ta Dawakin Kudu, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun cika asibitoci da ma'aikatu a ciki da wajen ƙasar nan. A Dambatta akwai makarantar ungozoma, wadda 'yan matan da take yayewa suke fita da aikin da ake nema ruwa a jallo a kowane asibitin karkara.

Me ya bambanta karatun likita da na ungozoma da sauran? A ganina abu ɗaya ne. Ba a ba su takarda sai sun taɓa aikin da hannunsu, sau da yawa, a gaban wanda ya iya shi. Ɗalibar ungozoma tana tsayawa a ɗakin haihuwa, ta karɓi jariri, babbar ma'aikaciya na kallonta, in ta yi kuskure a gyara mata nan take. Ɗan uwanta da ke karanta tattalin arziki ko sarrafa kasuwanci yana iya gamawa bai taɓa riƙe littafin lissafin ko da shagon kayan masarufi ba. Ya haddace takardun malam, ya zuba su a jarrabawa, ya manta.

Abin haushin shi ne, masu tsara ilimi a ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan. Tun 1973 hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES don ɗalibai su je su yi sanin makamar aiki. Tambayi ɗalibai yadda ake yinsa yanzu, da yawa za su gaya maka sa hannu kawai ake nema a littafi. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, an yi shi ne don yaro ya fita ƙaramar sakandare ya san kafinta da wutar lantarki da aikin ƙarfe. An shigo da injina daga ƙasashen gabashin Turai, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu, babu wuta, babu malamin da ya san yadda ake tayar da su. Daga baya aka wajabta darasin dogaro da kai a jami'o'i, sai shi ma a wurare da dama ya zama abin rubutawa a jarrabawa. Kowane lokaci niyyar daidai take, wajen aiwatarwa ne ake komar da aikin hannu ya zama aikin biro.

Ga kuma saƙon da gwamnati da kanta take aikawa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Dambatta, kusa da madatsar ruwa ta Thomas. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha tana Bichi. Amma duk yaron da ya yi ƙoƙari a jarrabawa, jami'a yake hange, domin ya san a aikin gwamnati mai HND yana bayan mai digiri. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ba. Haka cibiyoyin koyon sana'a sama da ashirin da aka kafa a jihar tsakanin 2011 da 2015, har da ta kiwon kaji a Tukwui. Da mulki ya sauya, akasarinsu suka tsaya, sai da wani mulkin ya zo aka sake maganar buɗe su. Makarantar da ake rufewa da buɗewa bisa sakamakon zaɓe, wane uba ne zai ɗora makomar ɗansa a kanta?

(KIƊA)

Akwai shawarar da manya suke yawan ba matasa daga kan mumbarin taro: ku koma gona. A wani wurin tana iya yin amfani. A Kunchi ko Makoɗa kuwa, wace gonar? Ai ƙarancinta ne ya sa aka tura yaron makaranta tun farko. Aikin da ya rage a nan yana kewayen gonar ne, kafin shuka da bayan girbi, kuma shi ne ya fi buƙatar mai ilimi.

Mu leƙa Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kasuwar da ake lissafawa cikin mafi girman kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma. Daga nan riɗi da zoɓo da citta suke tafiya har Asiya da Turai da Meziko. Mai saye a can yana son sanin yawan danshin da ke cikin kaya, da tsabtarsu, da ko akwai ragowar maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu, saboda an samu guba irin ta fiya-fiya da ake zubawa don kashe ƙwari ta wuce ƙima. Alhali maganin matsalar yana nan kusa. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba, kuma a Kano ake yin sa. Cibiyar IITA tana da gonar gwaji a Minjibir inda ake fitar da ingantaccen irin wake. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa tun 2012. Ilimin yana nan, manomin yana nan, tsakaninsu ne babu kowa. Malaman gona na hukumar KNARDA ba za su taɓa isa kowane ƙauye ba.

Wa zai gwada taki ya gane na jabu? Wa zai gyara famfon sola na masu noman rani a madatsun ruwa na Watari da Thomas? Wa zai duba lafiyar dabba ranar kasuwar Dambatta, ya riƙe wa ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli lissafinsu, ya cike wa ɗan kasuwa takardun fitar da kaya? Duk waɗannan ayyuka ne da mutane za su biya kuɗi a kansu, in sun tabbatar mai yin ya iya.

Gyaran da nake gani bai buƙaci sabon gini ba. Digirin aikin gona shekara biyar ne, ta huɗun an ware ta don aiki a gona. A fitar da wannan shekara daga cikin shingen makaranta, a haɗa kowane ɗalibi da gidan manomi tun daga sharar gona har ɗaure dami, makinsa ya dogara da abin da aka girbe da lissafin da ya kawo. Zai koyar da abin da ya karanta, shi ma a koya masa abin da Mortimore ya tarar, kuma dole ya koyi faɗin iliminsa da Hausa, domin da yawa cikin masu digirin noma ba za su iya yi wa mahaifinsu bayanin abin da suka karanta ba. Ɗalibin lissafin kuɗi ya yi zango guda a rumfar Dawanau. Na injiniya ya zauna a garejin masu gyara. A Kaduna an riga an gwada irin wannan, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta haɗa gwiwa da masu sana'a na Panteka, hukumar NBTE kuma ta fito da tsarin ba gwanin da bai je aji ba takardar shaidar ƙwarewa. In ogan gareji yana da takarda, yana iya sa wa ɗalibi maki, kuma makin ya shiga sakamako.

Kada mu yaudari kanmu, iya aiki ba ya kawo wutar lantarki, ba ya kawo jari. Mai injin casar da ya ƙware yana iya durƙushewa a kan kuɗin dizal. Wannan nauyin gwamnati ne da bankuna, ba na malamin aji ba. Amma akwai wani ƙaramin abu da ke hannun makarantu: kowane sashe ya bi sawun ɗaliban da ya yaye, bayan shekara biyu ya buga nawa ne suka samu aiki, wane iri, nawa suke zaune. A liƙa a allon sanarwa, a karanta a rediyo da Hausa lokacin sayar da fom ɗin JAMB, yadda manomin Tsanyawa zai ji kafin ya kai bijiminsa kasuwa.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau.