Lemon "Zero" da Mai Neman Rage Ƙiba: Yadda Za Ka Bar Shi Ba Tare da Ka Koma wa Sukari Ba

Duk wanda likita ya taɓa ce wa ya rage sukari, ko wanda ya ga riga ta fara matse masa ciki ya yanke wa kansa hukunci, ya san dabarar farko da ake kamawa: a bar lemon kwalba mai sukari, a koma wanda aka rubuta wa "Zero" ko "Diet". Sanyin ɗaya ne, gas ɗin da ke tsikarar maƙogwaro ɗaya, zaƙin ma kusan ɗaya. Ana nan ana nan, bayan shekara guda sai ka tarar mutum yana shanye roba uku ko huɗu a yini, ruwa ya zama sai in za a haɗiyi magani, teɓa kuwa tana nan daram. Daga nan sai zargi ya koma kan lemon, a ce shi ne ya hana ƙibar sauka, a yi niyyar barinsa. Niyyar tana da kyau. Amma yadda mafi yawan mutanenmu ke barinsa ya fi shan nasa illa, kuma wannan shi ne dalilin wannan rubutu.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Lemon kola mai sukari na yau da kullum yana ɗauke da kusan giram 10 da rabi na sukari a kowace mililita 100. Ke nan robar nan mai rabin lita tana da kimanin giram 53, wajen ƙaramin cokali 13, kalori fiye da 200. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2015 ta ce babban mutum kada ya wuce kusan giram 50 na sukarin da ake ƙarawa a abinci a yini guda, in da hali ma ya tsaya a giram 25. Roba ɗaya ta cinye kason yinin gaba ɗaya, tun ba a zo kan shayin safe da kunun yamma ba. Wanda ya bar wannan ya koma marar sukari ya sauke wa jikinsa kaya mai nauyi, babu ja a kan haka.

Abin da ke ba marar sukarin zaƙi sinadarai ne da aka samo a ɗakin bincike, wasu ma bisa tsautsayi. Sakarin an gano shi a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Aspatem kuwa, wanda ya fi yawa a lemukan yau, wani masani mai suna James Schlatter ne ya ci karo da shi a 1965 yana tsakiyar neman maganin gyambon ciki. Ya lashi yatsa zai ɗauki takarda sai ya ji zaƙi. Aspatem ya fi sukari zaƙi kusan sau 200, sukuralos kuma kusan sau 600, shi ya sa ɗan ƙanƙane ke isar kwalba guda. A jikin wasu kwalabe da lamba ake rubuta su: E951 aspatem, E955 sukuralos, E954 sakarin. Asalin irin wannan lemo don marasa lafiya aka yi shi. Na farko da ya yi suna, No-Cal, a 1952 aka fito da shi a birnin New York saboda masu ciwon sukari. Daga baya ne 'yan kasuwa suka gano cewa masu tsoron ƙiba sun fi masu ciwon yawa, sai ga Diet Pepsi a 1964, Diet Coke a 1982, Coca-Cola Zero a 2005.

To, yana rage ƙiba ko yana ƙarawa? Binciken masana a nan harshen damo gare shi. A wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 303 na tsawon shekara guda, wanda aka wallafa a 2016, an sa kowa a tsarin rage ƙiba iri ɗaya, rabi suna shan lemon marar sukari, rabi ruwa zalla. Masu lemon suka rage kimanin kilo 6, masu ruwa kilo 2 da rabi. Sai dai ƙungiyar kamfanonin lemo ta Amurka ce ta biya kuɗin aikin, kuma duk mutanen dama mashaya lemon ne, ke nan rukunin ruwa raba su aka yi da abin da suka saba. Wani gwajin da aka yi a Iran kan mata masu ƙiba, aka wallafa a 2015, ya ba da akasin haka: bayan mako 24, waɗanda suka bar lemon suka koma ruwa sun fi raguwa da kimanin kilo 1.

Binciken da ni na fi ganin ya taɓa mu shi ne na 2014 daga Johns Hopkins, wanda ya duba abin da dubban Amurkawa ke ci a yini. An ga masu ƙiba sosai da ke shan lemon marar sukari suna cin abincin da ya ɗara na takwarorinsu masu shan mai sukari da kusan kalori 194 a rana. Abin da aka tsira da shi a kwalba ya dawo ta faranti. Kowa ya san yadda lissafin ke tafiya a zuci: tunda lemona Zero ne, bari a ƙaro tsire, a sa shawarma ta zama biyu. Ba lemon ne ya sa kitsen ba, izinin da ya bayar ne.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa kada a dogara da waɗannan sinadaran zaƙi wajen rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa ba, kuma an ga masu yawan shan su tsawon shekaru sun fi kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu da ciwon zuciya. Hukumar da kanta ta ce shawarar ba yankakken hukunci ba ce, saboda mai yiwuwa mutanen da dama ke kan hanyar ciwon su ne suka fi komawa wannan lemo. Ta kuma ware masu ciwon sukari daga cikin shawarar. Bayan wata biyu, reshenta mai binciken cutar daji da ke Faransa ya sa aspatem a jerin abubuwan da "mai yiwuwa" su haddasa daji, labarin da ya yi ta yawo a WhatsApp har da ƙarin gishiri. Abin da masu turawa suka bari a baya shi ne, a rana guda kwamitin masana kan sinadaran abinci ya bar iyakar da aka sani yadda take, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya haura wannan iyaka. Saboda haka ba tsoron daji ya kamata ya sa ka bari ba.

Akwai dalilan da suka fi wannan kusa. Na farko haƙori. Cire sukari bai cire asid ba, kuma asid ɗin da ke cikin lemon kola, mai sukari da marar sukari, ya isa ya riƙa zaizaye farin rufin haƙori, musamman ga mai kurɓa kaɗan-kaɗan daga safe zuwa dare. Na biyu barci, ga mai sha da daddare. Na uku kuɗi. Lissafa roba uku a yini sau talatin ka ga abin da ke fita daga aljihunka a wata. Na huɗu, wanda ya fi shafar mai rage ƙiba, harshe ne. Muddin kana jiƙa shi da zaƙi mai ƙarfi sau da yawa a yini, ruwa zai ci gaba da yi maka salam, gwanda da kankana su zama kamar ba su nuna ba.

Barinsa kuma yana da wuya, ba don kai rago ba ne. Yawancin lemon kola akwai kafeyin a ciki, sinadarin nan da ke cikin goro da shayi da kofi. Lemon Coca-Cola na farko da aka haɗa a Atlanta a 1886 ma har da ruwan goro a ciki. Gwangwanin Diet Coke na Amurka mai mililita 355 yana da miligiram 46 na kafeyin, fiye da na mai sukari da ke da 34. Duk gidan da ke da tsoho maciyin goro an san halinsa a ranakun farko na azumi: ciwon kai, hamma, saurin fushi, kasala. Shi ne abin da zai same ka. Yakan fara tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, ya tsananta a rana ta biyu, ya wuce cikin kwana 2 zuwa 9. Da yawa a nan suke karaya, su ɗauka wani ciwo ne ya kama su, su aika yaro shago.

Don haka kada ka yanke lokaci guda in kana shan fiye da biyu a yini. Mai shan huɗu ya koma uku na mako guda, sannan biyu, sannan ɗaya, ya kuma fara da cire na dare. Daina sayen katan ana jibgewa a firji. Abin da sai ka taka ka sayo ba ka shan sa da yawa. In kan ya matsa, kofin shayi ba madara ba sukari zai ba ka kafeyin ɗin da jiki ke nema. Sannan ka lura da lokacin da hannunka ke kaiwa gare shi, domin sabo turken wawa ne, kuma kowa da inda aka ɗaure nasa. Wani bayan abincin rana ne, wani a cunkoson mota, wani in an zauna kallon ƙwallo. Mai shan sa don zafin Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, sanyi yake nema, ruwan randa ko na firji ya wadatar, a sha shi tun kafin ƙishin ya yi tsanani. Mai kewar gas ɗin ya nemi ruwan soda zalla, ya duba jikin kwalbar ya tabbata ba tonik ba ne, don tonik akwai sukari. Mai neman ɗanɗano ya jefa yankan kokwamba, ko na'a-na'a, ko citta a gorar ruwansa.

Yanzu ga inda ake gudun gara a faɗa wa zago. Mutum zai bar lemon Zero da alfahari, ya ce shi ya koma abin gida, na gargajiya. Me ya koma? Zoɓon ƙulli, kunun aya, lemon citta, ruwan tsamiya, fura da yogot. Duk wadda ta taɓa haɗa zoɓon sayarwa ta san yawan sukarin da ake antayawa kafin tsamin ya kwanta, kuma babu takarda a jikin robar da za ta gaya maka. Wani ya koma lemon malt ko jus na kwali, wai su masu gina jiki ne, alhali sukarinsu na gogayya da na lemon kwalba. Wani ya koma teburin mai shayi, a cika masa kofi da madarar gwangwani da garin koko da sukari, ga burodi da ƙwai. Wannan mutum ya bar abin sha mai kalori kusan sifiri ya ɗauki mai ɗaruruwa, bayan wata biyu sikeli ya hau, ya rasa dalili. Zuma ma, duk da darajarta a wajenmu, a lissafin Hukumar Lafiya tana cikin sukarin da ake ƙirgawa, haka ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Mazarƙwaila ba sai an faɗa ba, rake ne. Zoɓo da tsamiya ba su da laifi in a gida aka haɗa, da citta da kanumfari, ana rage sukarin cokali-cokali har harshe ya saba.

Hukuncina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ya fi lemon Zero, lemon Zero kuma ya fi lemo mai sukari da zoɓon da aka cika wa sukari. In ka je biki ko suna aka ajiye maka biyu, babu ruwa, ɗauki marar sukarin ba tare da jin ka karya alkawari ba. Gwangwani ɗaya a mako ba shi ne matsalar kowa ba.

Kada kuma ka sa rai sikeli zai sauka don kawai ka daina, tunda abin da ka cire dama ba shi da kalori. Ribar tana zuwa ne in barin ya tafi da cincin da fanke da soyayyen naman da suka saba raka shi, in malmalar tuwo ta ragu miyar ganye ta ƙaru, in ana samun tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne saurin da likitoci ke yarda da shi. Masu tallan shayin rage teɓa da ke alkawarin kilo goma a kwana goma, da yawansu ganyen filasko ne ko makamancinsa. Zawo za ka yi, ruwan jiki ya fita, kitse na zaune. In babu sikeli a gida, igiya ta isa: auna tsayinka da ita, ka lanƙwasa ta gida biyu, ka zagaya ta a cikinka wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, akwai sauran aiki.

Mai ciwon sukari, kai maganarka daban ce. Lemon marar sukari ba ya ɗaga sukarin jini yadda mai sukari ke yi, don haka kada wani saƙon waya ya tsorata ka ka koma kunun zaƙi ko zuma. Haka kuma ba ya ceto in sukarinka ya faɗi ka fara rawar jiki da gumi. A wannan lokacin abu mai sukari na gaske ake ba ka, kuma ya kamata mutanen gidanka su san da haka. Kafin ka canza abin da kake sha kullum, musamman in kana allurar insulin ko shan maganin hawan jini, ka je asibiti ka gaya wa likitanka adadin da kake sha na gaskiya, kada ka rage ko ɗaya.