Na sayi na'urar cilla ƙwallo don kare, kwalin banza ya fi ta aiki

Jama'a, wannan makon ba waya za mu duba ba. Kare ne. Na san wasu har sun ɓata fuska, amma ku ɗan saurara.

Tsohuwar da nake haya a gidanta a Sheffield ta zame a kan ƙanƙara farkon Disamba, aka yi mata aiki a ƙugu. Tana da kare ɗan shekara biyu, Border Collie, jinsin da makiyayan kan iyakar Ingila da Sikotland ke kora tumaki da shi, wanda zai wuni yana gudu bai gaji ba. 'Yarta ta ce in ba mai kula da shi, sai a bayar da shi. Tsohuwar nan ta fashe da kuka a gabana. Ni da na tashi a gidan da kare ba ya wuce zaure, sai ga ni na ce zan gwada. Sharaɗina ɗaya: ba ya shiga ɗakin da nake salla.

Matsalar ita ce lokaci. Nakan fita da shi rabin awa da safe in wuce makaranta, kuma a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu. Cikin mako guda ya tauna cajar kwamfutata, maƙwabciya ta kawo ƙarar haushi sau biyu.

Sai na yi abin da ɗan injiniya zai yi: na sayi na'ura. Tayoyi biyu ne a ciki suna juyawa, kare ya jefa ƙwallo ta sama, su matse ta su harbo. Ya koyi saka ƙwallon da kansa cikin kwana biyu, na ce shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba. In ƙwallon ta jiƙe da miyau, tayoyin zamewa suke, harbin ya rage ƙarfi. Daɓen falon katako ne, yana ta santsi, har na fara tsoron in wayi gari da karayayyu biyu a gida ɗaya. Mafi muni, ba ta gajiyar da shi, zuga shi take. In na kashe ta, sai ya tsaya ya ƙura mata ido yana kuka ƙasa-ƙasa, kamar mai jiran a kawo wuta.

Kyamarar da ke haɗe da waya ta fi amfani, ko da yake ba ta hanyar da ake tallarta ba. Da na duba bidiyon kwana uku, sai na ga kusan duk haushin a bakin taga yake yi, lokacin da masu kawo saƙo ke wucewa. Na manna leda mai hazo a rabin gilashin. Ƙara ta ragu sosai.

Abin da ya gajiyar da shi da gaske kuwa hancinsa ne. Na daina zuba masa abincin dare a kwano. Sai in raba shi cikin kwalaye shida, wani in nannaɗe a tsohon tawul, in ɓoye a bayan kujera da ƙarƙashin matakala, in ce "nemo". Minti ashirin yana shinshine-shinshine, sai ka ga ya je ya baje yana minshari. Kafin in fita kuma ina bar masa Kong, robar nan mai rami, wadda na cusa wa abinci na daskarar a firiza. In za ku sa man gyaɗa ku karanta jikin kwalbar, domin wasu na ɗauke da xylitol, guba ce ga kare.

Yanzu muna koyon sunayen kayan wasa. Wata karya mai suna Chaser, Border Collie a Amurka, ta haddace sunaye 1,022. Namu yana kan bakwai, kuma har yau yana rikita "igiya" da "takalmi". Eh, da Hausa nake koya masa, tsohuwar ma ta iya cewa "zauna".

Ta fara takawa da sanda, 'yarta ta bar maganar bayar da shi. Na'urar cilla ƙwallon kuma tana kan teburina. A bidiyo mai zuwa za mu kwance ta, ina son ganin ko injinan tayoyin nan za su ja ƙaramin mutum-mutumin da nake haɗawa.