Gardamar Dokokin Faɗa a Wasan Jarumai na Kan Tebur

A cikin shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar ne su kan kewaye tebur. Ɗaya shi ne alƙali, shi ke ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. In aka zo ga faɗa sai a jefa ɗan lido, wani mai fuska shida, wani mai fuska ashirin, shi zai raba gardama. Tun daga wannan lokaci ba a daina musu a kan abu guda ba, watau shin dokokin faɗan su kwaikwayi faɗa na gaskiya, ko kuwa su taƙaita shi?

A wasan Gygax kowane jarumi yana da makin rai, ana rage masa duk sa'ad da aka same shi. Wanda ya rage da maki ɗaya tak yana kai sara da ƙarfinsa kamar wanda ko ƙwarzane bai samu ba, sai makin ya ƙare sa'an nan ya faɗi. Sulke kuwa ba ya rage zafin sara, sai dai ya sa samun mutum ya yi wuya. Masu suka suka ce ina aka taɓa ganin wanda aka sara sau goma bai ko ɗingisa ba? A littafinsa na 1979 Gygax ya bayyana cewa makin nan ba jini da tsoka kaɗai ba ne, har da gwaninta da sa'a, kuma jifa ɗaya tana tsayawa ne a madadin minti guda cur na kai hari da kaucewa.

Wannan irin bayani bai gamsar da kowa ba. Tun a 1978 Steve Perrin, wanda shi kansa ya kan sa sulke ya yi wasan takobi irin na mutanen da, ya fito da RuneQuest tare da abokansa. A nan mai sara ya jefa, mai karewa da garkuwa ya jefa, a kuma sake jefawa don a san inda takobi ya sauka, kai ne, ko ƙirji, ko ƙafa. Sulke ya rage zafin saran, in kuma abin ya yi yawa hannu ya tafi. A 1986 wasan Phoenix Command ya ƙara tsanantawa, da shafuffukan lissafi a kan inda harsashi ya shiga da irin ɓarnar da ya yi.

To, amma taura biyu ba ta taunuwa. Duk bayanin da aka ƙara, lokaci ya ke ci, har faɗan da bai kai minti guda ba a labari ya cinye wa 'yan wasa awa guda. Bugu da ƙari, gaskiya ba ta san jarumi ba. Mutum ya shekara yana renon jaruminsa, sai kibiyar wani ɗan tsaron ƙofa ta same shi a ka, shi ke nan.

Abin mamaki, sojoji sun riga 'yan wasa shiga wannan matsala. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, a ƙasar Jamus, mai suna Reisswitz, ya wallafa dokokin wasan yaƙi na kan taswira don horad da hafsoshi. Dokokin suka yi ta yawa har wasan ya gundure su. A 1876 Verdy du Vernois ya ba da shawarar a rage lissafi, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa.

Lalle mai karatu zai lura cewa kowace doka taƙaitawa ce, gama babu shafin lissafin da zai ɗauki raɗaɗin rauni ko doguwar jiyya. Abin da ya rage shi ne abin da 'yan tebur su ke nema. Masu son jarumi ya kutsa cikin mayaƙa ashirin ya fito, makin rai ya ishe su. Masu son a ji tsoron zare takobi, a nemi sulhu tukuna, dokar Perrin ta fi dacewa da su. Don haka ya kamata a shirya wannan magana tun kafin a jefa ɗan lido na farko, kada zumunci ya ɓaci a kan jarumin takarda.