Zinder ko Damagaram: yadda ake tsara alamomin hotuna don mai nema ya samu

Kowace rana ana ɗora hotunan bukukuwa, kasuwanni da filayen kokowa a intanet daga Maraɗi, Garwa, Kumasi da Injamena. Sai dai hoton da ba a iya nemo shi ba, ba shi da maraba da wanda ya ɓata. Kwamfuta ba ta gane hoto yadda mutum ke gane shi. Abin da ta fi dogara da shi shi ne 'yan kalmomin da aka liƙa wa hoton, wato alamomi, waɗanda ake kira mots-clés da Faransanci. Yadda aka tsara waɗannan alamomi shi ke yanke hukuncin ko hotunan Hausawan wata ƙasa za su kai ga 'yan uwansu na wata ƙasar.

Daga ina tsarin ya samo asali?

A da, ma'aikatan ɗakunan karatu da na adana kayan tarihi ne ke rarraba hotuna bisa jerin kalmomin da aka tsayar tun farko. Shafin Flickr, wanda aka buɗe a 2004 a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, yana cikin na farko da suka bar wa jama'a wannan aiki: kowa ya rubuta kalmar da ya ga ta dace da hotonsa. A 2007 Chris Messina ya ba da shawarar amfani da alamar # a Twitter, Instagram kuma ya ɗauke ta a 2011.

An ga amfanin hakan a fili. A watan Janairun 2008 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kimanin 3,000 a Flickr, ya nemi jama'a su sa musu alamomi. Mutane suka riƙa gano wurare da fuskokin da ma'aikatan ɗakin ba su sani ba.

Yadda yake aiki

A ƙarƙashin shafin akwai rajista uku. Ta farko ta hotuna ce, kowane da lambarsa. Ta biyu ta alamomi ce, ita ma kowace da lambarta. Ta uku ita ke haɗa su, tana nuna hoto mai lamba kaza yana ɗauke da alama mai lamba kaza, da kuma wanda ya liƙa ta. Amfanin wannan rabo shi ne idan aka gyara rubutun alama sau ɗaya, gyaran ya shafi duk hotunan da ke ɗauke da ita.

Domin bincike ya yi sauri, ana gina wani jeri mai kama da fihirisar da ke ƙarshen littafi: kowace kalma da lambobin hotunan da ta fito a cikinsu. Idan aka nemi "doki" da "sallah", kwamfutar za ta ɗauko jerin biyu, ta fitar da lambobin da ke cikin duka biyun. Ba ta buƙatar bin miliyoyin hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Inda Hausa ke shan wahala

Matsala ta farko ita ce haruffa masu ƙugiya. Mai wayar da ba ta da ƙ, ɗ da ɓ zai rubuta "rakumi", wani kuma ya rubuta "raƙumi", kwamfuta ta ɗauke su kalmomi biyu. Dabarar da aka saba bi wajen mayar da é ta Faransanci zuwa e ba ta taɓa ƙ, domin a tsarin Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa. Dole a rubuta masa doka ta musamman. Amma share ƙugiyar gaba ɗaya shi ma kuskure ne, tun da "baki" daban, "baƙi" daban, haka "kafa" da "ƙafa". Mafita ita ce a adana siffa biyu, wadda mutum ya rubuta da wadda aka sauƙaƙa. Mai nema ya ga wadda ta dace da rubutunsa daidai a sama, sauran su biyo baya. Wannan doka ta haɗa da ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y na Nijeriya.

Ta biyu ita ce sunayen wurare. Zinder da Damagaram gari ɗaya ne, haka Niamey da Yamai, Tahoua da Tawa, Garoua da Garwa. Bahaushen Sudan kuwa zai iya rubuta sunan da haruffan Larabci. Akwai kuma akasin haka, wato suna ɗaya wurare da yawa: akwai Gaya a jihar Dosso ta Nijar, akwai Gaya a jihar Kano, ga Sabon Gari da Zango a garuruwa barkatai.

Ta uku ita ce jam'i. A Faransanci sau da yawa cire s na ƙarshen kalma ya wadatar. A Hausa babu abin da za a cire daga "dawaki" a sami "doki", ko daga "awaki" a sami "akuya". Sai an haɗa su da hannu.

Lamba ɗaya, sunaye da yawa

Maganin da ya fi inganci shi ne a raba abu da sunansa. Wikidata, wadda aka kafa a 2012, tana ba kowane abu lamba guda, sannan ta rataya masa sunayensa a harsuna daban-daban. Ƙasar Nijar ita ce Q1032, Nijeriya Q1033, kogin Neja kuma yana da tasa lambar, don haka ba a gauraya ƙasar da kogin ko da yake Faransanci na kiransu duka Niger. Tun 2019 rumbun hotuna na Wikimedia Commons ke amfani da waɗannan lambobi wajen bayyana abin da ke cikin hoto.

Ƙaramin shafi ma zai iya yin haka. A bar mutum ya rubuta alama yadda ya saba, kada a tilasta masa rubutun wata ƙasa. Da ya fara rubutawa, shafin ya nuna masa alamomin da ake da su, ya tambaye shi wace Gaya yake nufi. A bayan fage kuma a sami masu sa kai daga ƙasashe daban-daban da za su riƙa haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya, kamar "kokowa" da "lutte traditionnelle". Duk haɗin da aka yi a rubuta wanda ya yi shi, kuma ya zama ana iya warware shi.

Wa ke da ikon sa alama?

Alama tana iya zama makami. Idan kowa na iya liƙa kowace kalma a kan hoton kowa, zagi da ƙazafi za su shigo. Flickr ya ba mai hoto damar zaɓar wanda zai iya ƙara alama, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata. Sunan mutum kada ya fito a bincike sai da yardarsa. Wayoyi da yawa kuma suna ɓoye ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikinsa, don haka a yankunan da ke fama da rashin tsaro ya kamata shafi ya goge wannan bayani sai idan mai hoton ya nemi a bar shi.

Barin aikin ga na'ura kaɗai ma yana da haɗari. A 2015 manhajar Google Photos ta sa wa hoton wasu baƙaƙen fata alamar goggon biri, har kamfanin ya nemi afuwa. Na'ura za ta iya ba da shawara, amma mutum ne zai tabbatar.

Ga masu ɗora hotuna, kafin shafuka su gyara tsarinsu, abin yi shi ne a rubuta sunan gari da Hausa da Faransanci, a ƙara sunan ƙasa da shekara, a sa kalma da ƙugiya da kuma babu ƙugiya. Ɗan wannan ƙoƙari ne zai sa jikan da ke Kumasi ya iya gano hoton hawan sallar Damagaram.